Mwajabu Mai Kiwon Tsutsa

Ni na ɗinka wa Mwajabu ragar farko, shi ya sa nake ganin ina da bakin ba da labarinta. Layin ayaba ne kawai ya raba gidana da nata a Kwemsale, can saman duwatsun Usambara, kuma tare muka tsufa. In ta soya kifi ina ji, in na yi faɗa da maigidana tana ji.

Uwarta tsinkar ganyen shayi take yi a gonar kamfani, daga safe sai yamma, don haka a hannun kakarta Mamndolwa ta tashi. Tsohuwar tana da lambu a gindin kwari, kabeji da wake da kabewa da ɗan gwaza a bakin ruwa, amma gwiwoyinta sun daina lanƙwasuwa. Sai ta zauna a kan kututture, ta sa jikar ta bi ganye ɗaya bayan ɗaya tana juyawa. Abin da yarinyar ta gani ta tsinko ta kawo, kakar ta duba ta ce wannan murƙushe shi, wannan mayar da shi inda kika samo. Ƙwai masu ruwan ɗorawa da suke tsaitsaye a cunkushe kusa da darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ganye, waɗannan ba a taɓa su, na jan ƙwaron nan ne mai ɗigon baƙi, kuma 'ya'yansa darɓar suke ci. Waɗanda aka jera reras kamar ƙananan ganguna a bayan ganyen wake, na ƙwaro mai wari ne, a kashe. Kafin Mwajabu ta isa aure ta san bayan ganye fiye da yadda ta san fuskokin wasu danginta. Ba wanda ya ɗauki wannan a matsayin sani. Aikin yara ne, kamar korar kaji daga shanya.

Ta auri Kihiyo, dogon mutum mai babbar murya, mai yankan katako da dogon zarto irin na mutum biyu. Sai ya shiga daji da abokin aikinsa su yi kwanaki, ya dawo yana ƙamshin ɗanyen itace, da labarai cike da baki. Sun haifi 'ya'ya uku, babbar sunanta Mboza, shi ya sa kowa yake ce musu Baban Mboza da Maman Mboza. Da aka hana sare itace a dajin, zarton ya koma rataye a bango. Kihiyo ya bi samari wajen haƙar zinariya a wani kwari bayan dutse. Bai samo komai ba, rami ya rufto masa a ƙafar hagu. A kan ƙyauren ƙofa aka kawo shi gida. Ƙafar ta warke a karkace, shi kuma ya zauna a bakin ɗaki da sandarsa, murya ta ragu, labarai suka ƙare. In ya buɗe baki, to baƙar magana ce.

A wannan halin suke wasu mutane suka zo gari suka tara mu a filin makaranta. Suka ce a ƙasashen sanyi akwai gidajen gilashi inda mutane ke zuwa kallon malam-buɗe-littafi, kuma irin na dajinmu suke so. Ba mai fiffiken za a sayar ba. Za ka kama macen ka sa ta a ɗakin raga, ka shuka mata ganyen da take so, ta yi ƙwai, ka kwashe, ka ciyar da tsutsar har ta naɗe kanta ta zama kwanso, shi ne za a nannaɗe a auduga a sa a jirgi. Maza suka yi ta dariya. Wani dattijo ya tambaya ko ƙudaje ma ana so, don yana da su da yawa. Mwajabu ba ta yi dariya ba. Da aka watse ta biyo ni gida da tsofaffin gidajen sauro a hammata.

"Yaya Zuhura, haɗa min waɗannan su zama ɗaya," ta ce.

"Ke ma kin yarda da zancen nan?"

"Na yi shekaru ina kashe su a banza. Bari in gwada raya su in gani."

Ta kafa sanduna a bayan ɗakin girki, muka lulluɓa ragar. Ta shuka lemon tsami a tsofaffin bokitai, ta haƙo wasu ciyayi daga bakin daji, ta rataya ruɓaɓɓiyar ayaba. Kihiyo yana zaune yana kallo.

"Matan mutane na kiwon awaki, tawa tana kiwon tsutsa," ya ce da ƙarfi don in ji. "Maman Mboza, in sun yi ƙiba a yanka mana ɗaya ranar salla."

Ko juyowa ba ta yi ba. "Za a yanka. Ƙafafuwan duk naka ne, kai ka fi kowa bukata."

Na tsaya da allura a hannu, ina jiran gidan ya kama da wuta, don ba mai taɓa zancen ƙafar nan. Kihiyo ya dube ta, ya dubi ƙafar, sai ya fashe da dariya har da tari. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin ramin.

Waɗanda suka shiga kiwon da yawa sun sha wuya da farko. Wani ya kwaso ƙwan da ba su ba, wani ya ba tsutsa ganyen da ba nata ba ta mutu da yunwa a kan abinci. Mwajabu kuwa kamar an mayar da ita lambun kakarta. Ƙwan malam-buɗe-littafi mai son lemo shi kaɗai ake samunsa, kamar ƙwayar gero, a kan sabon toho. In ya ƙyanƙyashe, tsutsar kamar kashin tsuntsu take, baƙi da fari, sai daga baya ta zama koriya shar, in ka taɓa ta ta fito da wasu jajayen ƙahoni masu wari. Wasu kuma a tare suke zuba ƙwai, 'ya'yan su fito da ƙayoyi suna ci kafaɗa da kafaɗa. Ta san ƙwan da ya yi duhu don ya kusa fashewa, ta san wanda ya yi baƙi don ƙaramin zanzaro ya riga ya sa nasa a ciki. Da gashin kaza take ɗaukar jaririyar tsutsa ta mayar kan sabon ganye. Ranar da masu karɓar kwanso suke zuwa, nata ba a cika mayarwa ba. Da tsutsar nan aka cire ciyawar rufin ɗakinsu aka sa kwano, da ita Mboza ta yi karatun jinya a Tanga. Kihiyo bai daina tsokana ba, amma shi ya sassaƙa mata akwatunan ajiye kwanso, masu ƙananan ƙofofi.

Abu ɗaya ya gagare ta. Akwai wani babban malam-buɗe-littafi mai ƙarfin fiffike, baƙi mai ratsin shuɗi, wanda masu karɓa suka fi so. Yana saukowa kan ruɓaɓɓiyar ayaba, tana kama macen, amma ko ƙwai ɗaya ba ta taɓa yi mata ba. Ta gwada ganye iri-iri. Macen sai ta yi ta dukan raga har fiffiken ya yage, Mwajabu ta buɗe ta sake ta.

Ban san lokacin da ciwon idonta ya fara ba, don ta ɓoye. Na dai lura ta daina kawo min gyaran zane tana nuna inda ya yage, sai ta ce in duba da kaina. Wata rana ta zuba min shayi rabi a kofi rabi a tabarma, ta ce hannunta ne ya yi sanyi. Ta koma shafa ganye da yatsa maimakon dubawa. Kwansonta ya fara raguwa, ta ce damina ce ta yi yawa.

Ranar da abin ya fito fili da safe ne, bayan ruwan da aka kwana ana yi. Kullum tana zagaye ɗakin ragar da toka saboda kwarkwasa, ruwan ya wanke tokar. Kwarkwasa suka taso daga gindin ayaba, layi mai kauri baƙi ƙirin, wanda ko daga ƙofar gidana ana hango shi. Mwajabu ta tsallaka ta kansu ta shiga ragar da ganye a hannu, ba ta gan su ba. Sai da suka hau ƙafafunta suka fara cizo. Da na iso tana tsaye a tsakiya tana kakkaɓe zane, tana laluben bokitan tsutsa, hannunta na dawowa da kwarkwasa. Kihiyo ya jefar da sanda, ya ja ƙafa ya shiga, ya fizgo ta waje. Ya kunna busasshen ganyen ayaba, ni na kwaso toka mai zafi daga murhu, muka yi ta fama har suka juya. Amma sun riga sun gama. Bokitan babu komai sai ganye da kashi. Akwatunan kwanso ma sun shiga.

Muka zaunar da ita, ina cire mata kwarkwasa daga gashi da bayan gwiwa. Ba ta yi kuka ba. Kihiyo ya tsuguna a gabanta da ƙyar, ya ɗaga hannu daidai fuskarta.

"Mene ne a hannuna?"

Ta kai hannu tana laluben nasa.

"Maman Mboza, tun yaushe?"

"Tun daminar bara," ta ce. "Kamar hayaƙi. Ina ganin mutum, ban ganin fuskarsa."

"Kina kwana ɗaki ɗaya da ni ba ki faɗa ba."

"In faɗa maka ka yi me? Gurgu da makauniya, wa zai ja wa?"

A asibitin gunduma aka ce yanar ido ce, a ido biyun, kuma ana cirewa. Ta ce ba ta yarda ba. Tana yarinya wani mai magani ya soka wa gwaggonta allura a ido don cire yana, matar ta mutu ba ta ƙara ganin ko hasken rana ba. Likita ya yi bayani, na yi, limami ya yi, Mboza ta yi ta waya tana kuka. Mwajabu ta ce gara mata hayaƙin da take gani da duhu ƙirin, a ƙyale ta.

Na ɗauka kiwo ya ƙare ke nan. Bayan 'yan kwanaki sai na jiyo muryar Kihiyo daga cikin ragar. Na leƙa ta tsakanin ayaba. Yana zaune a ƙaramar kujera da ganye daf da hancinsa, ita tana tsaye a kansa.

"Faɗa min yadda yake," ta ce.

"Ƙwai ne mana."

"Na san ba akuya ba ce. Zagaye ne ko dogo? Shi kaɗai ne ko da 'yan'uwa? A sama yake ko a bayan ganye?"

"Suna da yawa. An jera su kamar sojoji, kowanne da murfi."

"Ka kwaso min ƙwaro mai wari, Baban Mboza. Jefa a wuta."

Haka suka fara. Ya sha kunya ba kaɗan ba. Ya taɓa kawo mata ganye a tafin hannu, yana tafiya a hankali kada tsutsar ta faɗi, ya ce ga ta lemo ya samu. Ta shinshina, ta taɓa da farce, ta ce wannan kashin tsuntsu ne na gaske. Ya kwana biyu yana fushi. Yatsunsa na mai zarto ne, in ya kama gashin kaza sai ka ce zai sassaƙa turmi. Amma mutumin yana da ido, kuma zaman banza ya ishe shi. A hankali bakinsa ya koyi faɗin abin da idonsa ya gani: wannan yana da tsaga-tsaga a gefe, wannan samansa a baje yake, wannan a kan siririn gashi yake tsaye. Ita kuma ta ce masa na kan gashin nan ka bar shi, abokin lambu ne. Da safe shi ne ido, ita ce ke yanke hukunci, da rana ta wanke bokitai da lalube, shi ya je yankan ganye yana dogara sanda.

Wata rana tana ba shi labarin babban nan mai ratsin shuɗi da ya ƙi yi mata ƙwai. Ta ce masu karɓa sun taɓa nuna mata hoton tsutsarsa, koriya ce mai ƙahoni huɗu a ka kamar an sa mata hular sarauta, amma ba ta taɓa ganinta a kan ganye ba. Kihiyo ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Mai ƙahoni a baya-baya? Kai kamar garkuwa?"

"Ka san ta?"

"In muka kayar da itacen mshai, a rassan can sama muke ganinsu. Mhina har tsoronsu yake ji, ƙato da shi." Mhina shi ne abokin zartonsa na da. "Ke a ƙasa kike nema, su kuwa a sama suke. Sai itacen ya faɗi ake ganinsu."

"Shekara nawa ina fama kana kallona?"

"Kin tambaye ni? Ni ai mai zaman bakin ɗaki ne."

Ya hau bayan babur zuwa bakin daji ya tono ƙananan mshai da suka tsiro a gefen hanya, ya dasa a bokitai. Da suka yi toho aka kama mace aka saka. Ran da ta yi ƙwai, da kansa ya zo ƙofata yana haki, ya ce in zo in gani, tunda mai kayan ba ta iya gani. Na je. Ɗan abu ne kamar kan allura, samansa a baje. Ya kama yatsan Mwajabu ya ɗora a gefensa a hankali. Ta daɗe a tsaye haka, sannan ta ce masa ya matsa, numfashinsa zai busar da ganyen.

Sun ci moriyar wannan 'yan shekaru, wasu masu kiwon ma suka karɓi irin mshai a wurinsa. Sai wata rana masu karɓa suka zo hannu wofi, suka ce an rufe hanyar fitar da masu rai zuwa waje, ba su san ranar buɗewa ba. Aka yi ta jira. Kwanson da ke akwati ba ya jira, ya yi ta fashewa, ragar ta cika da masu fiffike ba mai saye. Mutane suka yaye ragoginsu suka rufe kaji da su. Wasu samari suka koma daji da gatari a ɓoye.

Wannan ya fi kwarkwasa taɓa Mwajabu. Idon ya ƙara rufewa, safiya kuma ba abin tashi a yi. Ta zauna a inda mijinta yake zama da, ta daina tsokana, ta rame. Kihiyo ya fara renon dashen lemo a leda don sayarwa masu gonaki, yana kiranta ta zo ta taya shi, ta ce me za ta taya da shi. Shi ne ya kira Mboza ya ce ta zo ta ɗauki uwarta ko tana so ko ba ta so. Da Mboza ta zo Mwajabu ta riƙe ƙofa. Kihiyo bai ɗaga murya ba.

"Na ba ki aron idona, ban taɓa cewa na gaji ba," ya ce. "Amma ni ma nawa ya fara yaji. In ya tafi, wa zai duba mu? Ki je. In ya ɓaci, dama ba ki gani. In ya gyaru, kin huta da ni."

Ta saki ƙofar. Ni na raka su Tanga. Ido ɗaya aka yi, na dama. Washegari da aka cire audugar ta yi ta ƙifce-ƙifce, ta dubi Mboza, ta ce ashe kin yi ƙiba haka. Ta dube ni ta ce zanen nan bai dace da ke ba. A mota kuwa fuskarta na jikin taga tun daga gonakin lemo na Muheza har muka hau dutse.

Kihiyo yana bakin hanya yana jira, ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Ta sauko ta tsaya tana kallonsa daga sama har ƙasa.

"Wa ya ba ka izinin tsufa haka ban sani ba?"

"Zama da ke ne," ya ce, yana goge ido da hannun riga.

Ko ruwa ba ta sha ba ta zagaya bayan gida. Nan ta tarar da dashen lemon da yake ta ba ta labari. Rabinsu babu ganye, sanduna ne kawai a tsaye cikin leda, korayen tsutsa sun yi ɓul-ɓul a kai suna ci.

"Baban Mboza, mene ne wannan?"

"Na lemo ne. Kin fi ni saninsu."

"Na san su. Me suke yi a kan abin da za mu sayar mu ci?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce ya gan su tun suna ƙwai. Ya ce ya ɗauko ɗaya zai murƙushe, ta fito masa da ƙahonin nan, sai ya ji ba zai iya ba. Shekaru yana ɗaukarsu da gashin kaza kamar jarirai, yanzu a ce ya taka su da ƙafa.

Mwajabu ta ɗaura zane da kyau, ta ɗauki gwangwani ta fara tsincewa tana zubawa, ta kai wa kaji. Kihiyo ya shige ɗaki ya ƙi cin tuwon rana. Kwana da kwanaki suna wannan rigima, ni ina ji ta cikin ayaba. Ita ta ce lokacin da suke ciyar da mu mun ciyar da su, yanzu abincinmu suke ci. Shi ya ce mutum ba ya yi wa wanda ya rufa masa ɗaki haka. Ta ce to ya je ya tambaye su ko za su saya masa sukari.

A ƙarshe suka raba. Akwai tsohon lemon tsami a ƙarshen gidan, wajen masai, wanda ba ya wani 'ya'yan kirki. Ta bar masa shi. Yanzu kowace safiya shi yake riga ta fita, ya bi dashen da sauri-sauri da gashin kazarsa, duk ƙwai ko tsutsar da ya samu ya kwashe ya kai kan tsohon itacen. Abin da ya tsallake idonsa, in ta fito, na kaji ne. Dashen ya yi kyau, masu gonaki daga ƙasan dutse suna hawowa saye. Tsohon lemon kuwa kullum a tsige yake, ban san yadda yake rayuwa ba.

Kwanan baya na shiga karɓar garwashi na same ta zaune tana tsince wake, rana ta ɗaga, dashen kuma ba wanda ya duba. Na ce yau lafiya ba ki fita ba. Ta nuna bayan gida da haɓa, ta rage murya.

"Ƙafar ta dame shi jiya, bai tashi da wuri ba. Bari ya gama zagayensa tukuna."